Uban Mai Tsalle

Ƙofa, Nuwamba 1955

Zuwa ga ɗana Rufa'i. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka na sakandare. Mu nan sai godiya, dawa ta yi kyau, ƙafar Innarka ce kawai ke taɓa ta da safe.

Bayan haka, ka ja mini magana. Ka san Ɗantani na Badafi, uban Sale ɗan kokawa, wanda tun muna samari ba ma ga maciji da juna. Watan jiya ya shiga Birni sayar da fata, ƙafa ta kai shi bakin filin makarantarku. Ran kasuwa ya tara jama'a, wai ya ga ɗan Adamu, bayan duk shekarun boko, da gajeren wando da usur a baki, yana koya wa 'ya'yan mutane tsallen kwaɗo. Har ya tattare riga ya gwada musu, da furfurarsa. Na ce ai a aji ma kana koyarwa, ƙashi da tsoka da numfashi. Ya ce ashe mahauci na haifa.

Bai tsaya nan ba. Ya ba makaɗin kokawa goro, aka sa ni a waƙa, Uban Mai Tsalle. Yanzu mata na daka da ita. Jiya liman ya buɗe baki zai gaishe ni, na ga sunan a leɓensa kafin ya haɗiye.

Ba na son a kai ni kushewa da sunan nan. In an ba ku hutu ka zo, ka zuba wa samarin Ƙofa abin da ke littafinka, a kayar mini da Sale a gaban ubansa. Ban ce a karya shi ba. Ƙasa kawai nake so ya ɗanɗana.

Innarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka, Adamu.

Ƙofa, Janairu 1956

Ɗana Rufa'i, bayan gaisuwa da tambayar gajiyar hanya, ina fatan ka koma aiki lafiya.

Ni kokawa na roƙa, kai kuwa ka yi hutunka kana wa'azi. Ka zana mutum ba fata a bangon zaurena da gawayi, kana nuna wa samari inda ƙarfi ke kwana, a ƙugu da cinya, ba a ƙirji ba. Innarka har yau sai ta kau da kai take wucewa. Ga ƙarti a gari, ka tsallake su ka zaɓi Isa ɗan Asabe, wai numfashinsa ya fi tsawo.

Suna nan suna gudu da tsallen da ka bar musu kowace safiya a bayan rumbuna. Mutanen Badafi na zuwa kallo, waƙa ta ƙaru da baiti. An sa kokawa ran Juma'a ta sama. In Isa ya faɗi, ka neme ni a Doguwa wajen gwaggonka, don ba zan ƙara cin kasuwar nan ba.

Ka huta lafiya.

Mahaifinka, Adamu.

Ƙofa, Fabrairu 1956

Ɗana abin alfaharina, gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya ɗalibai? Ka gyara zama.

Sale ya shigo fili da layu har gwiwar hannu, ya sha furarsa ya ƙoshi, makaɗi na zuga shi da sunana. Isa ya yi yadda ka ce. Ya sauke ƙugu, ya ƙi ba da ƙirji, ya yi ta kewaya shi. Jama'a na ihu wai tsoro ne. Ni kaina na fara tunanin hanyar Doguwa. Can sai na ji Sale na huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya. Ya kawo cafka, Isa ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga cinya, sai ga Sale zaune daɓas, yana kallon ubansa. Ban yi dariya ba. Na dai tambayi Ɗantani ko ƙurar ta shiga masa ido.

To, ka san mutanenmu, ba a kayar da gwani a ce dabara ce. Kafin kwana biyu labari ya gama Badafi cewa zanen zaurena hatimi ne. Shekaranjiya sai ga Ɗantani da sallama da ƙwaryar goro, yana ce mini Yaya Adamu, shi da ya girme ni. Wai a taimaka a wanke masa bangon, Sale ya sha. Na bar shi tsaye sai da na gama gyaran carbina, sannan na gaya masa gaskiya tsakanina da Allah: wannan magani ba a shan sa, tsallake shi ake yi. Da gajeren wando, da rana, kuma a bakin kasuwa tunda nan ne fili mai taushi. Bakin kasuwar dai ƙarina ne, kada ka nema a littafinka.

Jiya aka yi. Tela ya ɗinka wa Sale wando, ya ɗan matse shi. Ya shiga layin samarinmu yana tsallen kwaɗo, Ɗantani na tsaye riƙe da rigarsa. Usur ɗin da ka bari, ni na busa. Makaɗi kuwa ko goro ban ba shi ba. Ya dubi Sale, ya dubi uban, ya juya gangarsa wajen Ɗantani, waƙar ba a sake mata ko baƙi ɗaya ba.

Yaron yana da ƙashi mai kyau, in ka zo ka koya masa da gaske, ba shi ya yi mini ba. Innarka ta ce ya isa haka, in yafe wa tsohon. Na ce zan yafe, bayan kasuwa mai zuwa.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare mana kai.

Mahaifinka, Adamu.