Riga Mai Lamba Ɗaya

Daren Alhamis, Toranke

Yau Koci Talatu ta zo duba ni, ita da Hadiza, wadda ke tsare mana raga a ƙungiyarmu ta ƙwallo tun da gwiwata ta goce na dawo gida jinya. Sun kawo lemo da ayaba, Inna sai murna take ta yi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Matar da ko waya ba ta yi min ba ina kwance a asibiti, me ya taso ta tun daga Kano?

Ta ce, "Tashi ki taka zuwa zaure mu gani, Rabi." Na taka. Ta ƙura wa ƙafata ido kamar mai tayin akuya a kasuwar Ajingi. Hadiza kuwa ta kasa haɗa ido da ni, tana ta wasa da bakin mayafinta.

Da za su tafi Koci ta ce, "Af, ba ni rigarki mai lamba ɗaya, za a canza wa ƙungiya kaya." Na ce na baro ta a masaukin ƙungiya, alhali tana cikin akwatina.

Inna ta ce zargi ne kawai ke damuna. Bayan magariba na kira Maryam, mai tsaron baya a ƙungiyarmu, na tambaye ta ko ita ma an karɓi tata. Ta ce, "Wallahi Yaya Rabi, ba wanda aka karɓi rigarsa."

Gwiwar tana ɗan zugi har yanzu. Amma ranar Litinin zan hau motar farko, su tarar da ni a bakin raga sanye da ita.