Kitson da na yi wa Keziya

Zuwa ga Gwaggona Afiniki,

Ina gaishe ki da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baba Ishaya da yara, ya kuma sawwaƙe miki ciwon ƙafar da sanyin Jos ke tayar miki. Mu nan Goronyo lafiya lau. Baba yana fama da gyaran injin ban-ruwa, don manoman albasa sun fara dashe, kullum sai ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu. Mama ta warke daga zazzaɓi, ta koma suyar ƙosanta. A jakar Keziya na sa takardar, don kin san in aka miƙo mini waya bakina mutuwa yake yi.

Gwaggo, da kika aiko a kawo miki yarinya ɗaya ta yi sakandare a wurinki, na ɗauka ni ce. Ni ce babba, ni ce na gama firamare tun bara nake zaune. Har na wanke tsohuwar jakar Mama na shanya. Sai Baba ya ce Keziya kika ambata. Na je na kwashe jakar daga igiya na kai mata. Na san ta fi ni baki. Ita ke ba da waƙa a sujada, ita ke sa baƙi dariya. Maƙwabciyarmu Inna Adawiyya, wadda ta koya mini kitso, ta ce gidanmu zai yi shiru in Keziya ta tafi. Ban taɓa jin an ce gidan zai yi wani abu in ni ce na tafi ba.

Baba ya lura ba na cin abinci. A addu'ar safe ya ce ƙaunar Allah kamar ruwan madatsarmu take: mai shinkafa a Wurno ba ya ganin hannun da ya buɗe ƙofar ruwa, sai dai ya iske gonarsa ta jiƙe. Kowa ya ce amin. Ni kuwa a raina cewa na yi, to ai shi ke nan, ruwan ta garinmu yake wucewa ya tafi gonar wani.

Jiya Mama ta ce in yi wa Keziya kitson tafiya. Akwai abin da ba ki sani ba. Bayan kunnenta na hagu akwai wurin da ciwon makero ya cinye tun tana ƙarama, gashi bai sake fitowa ba. Ni kaɗai na iya karkata tsaga in rufe shi. Da na ɗauki tsinke na ƙudura zan yi tsagar daidai kan tabon, ya fito fili, 'yan matan Jos su gani su yi mata dariya. Ta zauna tsakanin ƙafafuna tana ta surutun takalmin makaranta. Da na iso wurin tabon sai ta ɗora kanta a gwiwata kamar yadda ta saba, ko ta tuna mini ba ta yi ba. Ban yi addu'a ba, Gwaggo, ban kuma fasa niyyata ba. Na duba kawai na ga hannuna ya riga ya karkata tsagar, ya kwantar da gashi a kan tabon, ya wuce. Ban taɓa yin shuku mai kyansa ba. Inna Adawiyya ta leƙo ta juya kan Keziya, ta tambaye ni mi na ci yau da hannuna ya faɗa haka. Abin da na sani, ba ni na buɗe ƙofar ruwan nan ba.

Ba zan ce miki kishin ya tafi ba. Da safen nan na gan ta sanye da sabon takalmi, sai na kau da kaina. Amma ina roƙonki, kafin a tsefe mata, ki kira mai kitsonku ta duba yadda na yi, ta koya. Kada a tsefe a gaban yara.

Ki gaishe mini da Baba Ishaya, da Yaya Nuhu, da Briskila da jaririnta. Mama da Baba suna gaisuwa. Kuma Gwaggo, tunda a takarda ne zan iya faɗa: in Allah ya kai mu baɗi, kika ga akwai sauran wuri, ni ma ina nan. Ba ni da surutu, amma ina son karatu.

Taki 'yar,
Tabita