Kunun Da Baba Isiyaku Ya Sha A Gaban Kyamara

Unguwar Boro, Kaduna,
Nuwamba, 1999.

Zuwa ga Yayana Benson,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Dorcas da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ko da yake tun da kuka miƙa wa farar hula mulki ina jin hutu kawai kuke sha a bariki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba Isiyaku ta yi sauƙi, har yana takawa zuwa coci da kansa. Ka san tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba a gidanmu, kuma maganar da zan yi maka ta shafe shi.

Yaya, lokacin da ka kawo mini 'yarka Vicky ta yi karatu, ka ce kada ka ji zancen namiji sai ta gama. Na riƙe amanar iyakar ƙarfina, amma ina tsoron an bi ta bayana. Akwai wani ɗan ajinsu, Jethro, mai waƙa. Vicky ta ce za su yi wa waƙarsa bidiyo, ba su da halin hayar wuri ko 'yan wasa, sai dai tsakar gidana da mutanen gida. Kyamarar ma aro ce daga wani Nuhu mai ɗaukar biki a Tudun Wada. Na ga abin yara ne, na yarda. Suka kwashe zanin gadona suka yi labule, suka ciro madubina don haska fuska, suka kunna waƙar a rediyona suna motsa baki kawai. Rawa ɗaya sai a yi ta maimaitawa har kowa ya jiƙe da gumi.

Sai aka zo wurin neman aure irin na ƙauyenmu, domin wai a kan haka waƙar take. Vicky ta roƙi Baba ya zauna a matsayin uban amarya. Nan hankalina ya fara tashi. Waɗanda aka kawo cikon taro ba ɗalibai ba ne, dattawa ne da rigunansu sun sha guga, da wata mata mai sabon ɗankwali, har da akuya da buhun gishiri. Na tambaya, aka ce kayan wasa ne. Ka san al'adarmu: in yarinya ta karɓi ƙwarya daga hannun saurayi ta miƙa wa babba a gidansu, ya sha a gaban shaidu, magana ta ƙare. Haka aka yi, da kunun da ni da kaina na dama. An kashe rediyon, Jethro ya ba Vicky ƙwaryar ta miƙa wa Baba ya sha, matar nan ta rangaɗa guɗa tana share hawaye. Kuma wannan wurin kaɗai ne ba wanda ya ce a sake.

Da suka watse, sun kwashe komai amma sun bar akuyar da gishirin. Na bincika, ashe dattawan nan kawunnan Jethro ne, mai guɗar kuwa mahaifiyarsa. Da aka gama haɗa bidiyon na zauna na kalla daga farko har ƙarshe, ko inuwar ƙwaryar babu a ciki. Vicky ta ce an yanke ne don waƙar gajera ce, tana maganar tana kallon ƙasa. Na matsa mata, sai ta ce karatunta dai za ta gama. Shekaranjiya kuma a kasuwar Barnawa mahaifiyar yaron ta kira ni suruka a gaban mutane, tana tambaya yaushe soja zai zo gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunyarka, na kasa cin abinci.

Na kai ƙara wurin Baba. Ya ce shi bai san wani abu wai shi wasa ba, an ba shi kunu a gaban shaidu ya sha, kuma a shekarunsa ba zai amayar da shi ba. Ka zo da Kirsimeti ka yanke hukunci da kanka, 'yarka ce. Yaron dai ban ji wani mugun labari a kansa ba, kuma na nema. Amma in za ka fara tuhuma, kada ka fara da yaran. Jiya na tarar da Baba a shagon tela ana gwada masa babbar riga, ya ce wa telan ta biki ce.

Ka gaishe mini da Anti Dorcas, da Emma, da Debby ƙaramar gida. Maigidana da yara suna gaishe ka. Ubangiji ya kawo ka lafiya, ya kuma sanyaya maka zuciya tun a hanya.

Ƙanwarka,
Saratu.