Takardar da Baba Ya Soke a Zana

Argungu,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Ɗayyaba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya maigidanki da yara, ya Gwadangaji? Baba da sauƙi, sai dai hannun hagun har yau bai iya riƙe komarsa ta kamun kifi, ko wanka sai na taimaka masa.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, kin san kunnen Baba. Makina bai kai na likitanci kai tsaye ba, amma jami'ar nan mai nisa, mai asibitin koyarwa, ta ba ni gurbin karatun sassan jikin ɗan Adam. Wanda ya yi fice a nan yana iya tsallakawa likitanci. Kwalejin malamai ta garinmu ma ta ɗauke ni.

Yaya, kwalejin na zaɓa. Tun rasuwar Inna ni ce hannunsa, in na tafi wa zai dama masa fura? Na gaya masa masu nisan sun ƙi ni, na dunƙule takardarsu na yar bayan ɗaki. Tunda ba ya karatun boko, na ɗauka an wuce wurin. Har yanzu Likita yake kirana, kamar yadda ya saba tun ina goye, kuma duk kiran sai na ji shi a ƙirjina. Ki rufa mini asiri.

Taki ƙanwa,
Riskuwa.

Argungu,
27 ga Nuwamba.

Yaya Ɗayyaba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, asirina ya tonu, kuma ba ke kika tona ba.

Na manta halin Baba. Bai taɓa wuce rubutacciyar takarda a ƙasa ba, ko ta ƙunshin ƙosai ce, wai kada a taka sunan Allah. Ashe tun ranar ya tsince ta, ya warware, ya soke a zanar zaure. Mako bakwai tana nan, ina shara a ƙarƙashinta. Jiya abokinsa Malami, tsohon hedimasta, ya zo dubiya, ya ga tambarin jami'a, ya zare ya karanta masa, har yana yi masa barka.

Nan take Baba ya sa Malami ya buga wa jami'ar waya. Aka ce an rufe rajista tun kwana tara da suka wuce.

Bai yi faɗa ba, Yaya, da ma ya yi. Ya dai ce ruwa bai cinye shi ba shekara arba'in, ga shi a tudu shi da kansa ya cinye 'yarsa. Na durƙusa ina rantsuwa zan sake jarrabawar baɗi, ya kau da kai. Tuwon ma bai taɓa ba.

Don Allah ki zo ranar Juma'a, ko zai ji taki. Yau da safe da zai nemi ruwan alwala, Riskuwa ya ce. Sai da ya kira sau biyu na gane da ni yake.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Riskuwa.