Manajar Gidan Burodin Mama

Bogotá, Satumba

Zuwa ga Yaya Arbey,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Mama kuna lafiya. Tunda ka rantse ba ka ɗaukar waya da hannun ƙullu, ga wasiƙa na ba direban bas.

Wata 'yar alfarma nake nema. Ka san mujallar nan da ke jera makarantun kasuwanci duk shekara, daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Abin da suke dubawa shi ne mutum nawa suka sami aiki cikin wata uku da gama digirin MBA, da albashin da ake ba su. Bara makarantarmu ta zame ƙasa, manyan kamfanoni kuwa ko kallon takardarka ba sa yi idan makarantarka ba ta cikin ashirin na sama. Wata ukun nan ya kusa cika, ni kuma har yanzu shiru.

Matar da ke ofishin nema wa ɗalibai aiki ta ce tunda muna da gidan burodi, a rubuto cewa ni ce babbar manaja, albashi peso miliyan goma sha biyu a wata. Ba wanda zai cutu. Makaranta ta hau, ni ma in hau. Duk wanda kawunsa ke da shago a ajinmu haka ya yi. Ka sa hannu kawai, kuma don Allah kada Mama ta ji.

Taka ƙanwa,
Yamile

Salamina, Satumba

Yamile,

Muna lafiya, da fatan babbar manaja ma tana lafiya. Ga burodin pandebono nan a kwali, ki ci abin da direba ya rage miki.

Miliyan goma sha biyu. Sai da na goge ido, na ɗauka gari ne ya shiga. Shekara goma sha biyar ina kunna tanda tun gari bai waye ba, ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ban taɓa gani ba. Karatun da aka sayar da gonar kofin Baba a kansa ke nan? To madalla.

Amma ba nan haushin yake ba. Kin manta ni ba ni da hannun sawa? Tun rasuwar Baba komai da sunan Mama yake, ko buhun gari ba na karɓa sai ta rattaba hannu. Dole na kai mata wasiƙarki. Ta maƙala tabarau, ta karanta, ta tambaye ni ko ke ce manaja. Na ce a'a. Ta ce to ita ba za ta sa hannu a ƙarya yau ba, gobe ta je tana faɗa wa Fada zunubinta. Har na yi murna, na ɗauka magana ta mutu.

Washegari sai ga ta cikin baƙar rigarta ta zuwa coci, wai in raka ta notariya, ofishin buga wa takardu hatimin hukuma. Kin san Mama da notariya, abin da ba a buga wa hatimi a can ba, a wurinta bai faru ba. Ita ce fa matar da ta kai takardar aron tsani aka yi mata hatimi. Muna shiga ta ce wa mai hatimin ya rubuta ke ce manaja ta gaskiya, mai sa hannu a madadin gidan burodin. Albashin kuma ta ce yana nan yana jiran ranar da manaja za ta tsoma hannu a ƙullu.

Na ce, "Mama, wasa ne fa. Makaranta kawai za a nuna wa."

Ta ce, "Ni ban iya wasa da hatimi ba. Ita ta yi karatu. Kai kuma kana nan, ina za ka?"

Ni aka sa na zama shaida, har da dangwala yatsa. Karon farko ke nan da sunana ya hau takardar gidan nan, kuma a layin shaidu. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya ci min rai.

Takardar tana ƙarƙashin burodin. Akwai wurin da za ki sa hannu cewa kin amince, in ba ki sa ba, ba ta zauna ba. Kada ki sa. Ki maido ta yadda take, in lallaɓa Mama a soke ta.

Allah ya taimake ki.
Yayanki,
Arbey

Bogotá, Disamba

Yayana na kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙurin dogon shiru. Na san ka riga ka ji na sa hannu. Ranar da kwalin ya iso ce ta ƙarshe ta miƙa takardu, matar ofishin tana tsaye a kaina. Da kai ne ma haka za ka yi.

Yanzu ka ji albishir. Mujalla ta fito, mun koma na goma sha takwas! Shugaban makaranta har rungume ni ya yi, hotona yana cikin tallar bana. Ba a yi sati ba wani kamfanin inshora ya kira ni, wai suna neman wanda ya taɓa riƙe kasuwanci da hannunsa. Da suka tambaye ni babbar matsalar da na taɓa warwarewa, na ba su labarin shekarar da ƙasa ta zaftare ta toshe hanya, aka yi dakon gari a kan alfadarai. Na san kai ne ka yi, amma ai gidanmu ɗaya. Sun ji daɗinsa sosai. Zan fara a Janairu, albashin bai kai na takarda ba, amma ba laifi.

Saura abu ɗaya. Mutanen inshorar za su kira shago su tabbatar, ka ce kai mataimakina ne. Mujallar kuma tana dawowa bayan shekara uku ta ga ko albashinmu ya ƙaru, don haka a bar takardar yadda take tukuna. Duk abin da ke son sa hannu ka aiko ta bas, ba zan ɓata lokaci ba. Kada ka ɗauki abin da zafi, Yaya, suna ne kawai. Kowa a Salamina ya san wanda ke gasa burodin.

Ka aiko min buñuelos, soyayyen ƙullun nan na Kirsimeti, na nan kamar roba.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Yamile

Salamina, Disamba

Ranki ya daɗe Manaja,

Muna lafiya. Ina taya ki murna, ke da makarantarku.

Mai kawo mana fulawa ya zo ya koma da kayansa a mota, ya ce a takarda ke ce mai sa hannu, ni da Mama bai san mu ba. Mutanen inshora ma sun kira. Na ce musu ke ce manaja, ban yi ƙarya ba, akwai hatimi. Sai matar da ta kira ta tambaye ni, ni kuma wane ne a gidan. Sai na ajiye wayar.

Ranar Litinin na fara aiki a gidan burodin wani otal a Manizales. A notariya Mama ta tambaya ina za ni, to ga inda za ni. Makulli yana hannunta, kuma rabin garin nan sun ba da odar buñuelos.

Ba kwali wannan karon. Tanda a kashe take, tana jiran manaja.

Allah ya ba da sa'a.
Shaida,
Arbey