Daƙiƙa Arba'in a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka gaya mata in ta ƙi shan maganin, labari zai iso ni. Ni lafiya lau, sai godiya.

Ka tambaye ni batun aiki. Sana'ar da ka koya mini ita nake yi: mutum ya kulle kansa a waje, ya kira shagonmu, a tura ni in buɗe masa. Kwaɗunan ƙofar mutanen ƙasar nan ba su fi namu na gida wuya ba. Wuyar tana wurin maƙwabta. A unguwannin da ake tura ni, yawanci ni kaɗai ne baƙar fata a layin, kuma in suka hango baƙar fata durƙushe a ƙofar wani da ƙarfe a hannu, ba ma'aikaci suke gani ba. Sau biyu ana kira mini 'yan sanda cikin wata huɗu. A na farkon ma mai gidan yana tsaye a kaina. Suka duba takarduna, suka ba da haƙuri, amma motarsu ta yi minti ashirin tana walƙiya kusa da tamu, mai sunan shago a jiki.

Maigidana ba mugu ba ne. Ya ce ya san ba laifina ba ne, amma in aka yi na uku zai mayar da ni ɗakin baya, wurin injin yankan makulli. Wata shida na aikin waje ake so kafin a ba mutum takardar shaidar sana'a, kuma sai da ita zan nemi izinin ɗauko iyalina, Maman 'Yanbiyu da yaran. Saura wata biyu.

Don haka na kafa wa kaina ƙa'ida. Kafin in taɓa kwaɗo, sai na buga ƙofar dama da ta hagu na gabatar da kaina. Ina baza kayan aiki a kan ƙyalle kamar mai talla. Sannan ina jan aikin: kwaɗon da zan buɗe kafin ka gama atishawa, sai in yi minti goma ina huci a kansa. Na lura in ka buɗe da sauri, sai su fara tunanin inda ka koya. Kai da ka sha bugun hannuna saboda nawa, ga shi yau nawa ce ke riƙe mini aiki.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, kuma Inna ta samu sauƙi. Saƙonka ya iso, na yi dariyar abin da ka ce, wai na zo ƙasar mutane na zama malalaci da lasisi.

Ranar Talata da hantsi aka tura ni wani bene, hawa na uku. Na tarar da wata mata ba takalmi tana jijjiga ƙofa. Ta fito zubar da shara, iska ta turo ƙofar, jaririyarta tana ciki, tukunya tana kan wuta. Ina jin kukan yarinyar, ina jin ƙauri ta ƙarƙashin ƙofa. Ban buga wa kowa ƙofa ba, ban shimfiɗa ƙyalle ba. Na zaro ƙarfe biyu daga aljihu na durƙusa. Ko daƙiƙa arba'in ba a yi ba. Da kana wurin, da ka gyaɗa kai.

Yarinyar ba abin da ya same ta. Tukunyar ce ta ƙone. Uwar ta rungume ta, ta yi ta godiya, har ta kawo mini ruwa. Ina cikin sha sai na ga idonta ya koma kan kwaɗon, ya dawo kan aljihuna. Ta ce, "Haka kake buɗe kowace ƙofa?" Na ce wannan shi ne aikina.

Ina saukowa na tarar da 'yan sanda a ƙasa. Wani dattijo na hawa na biyu ne ya kira su. Matar ta sauko ta faɗi gaskiya, ba zan tauye mata wannan ba. Amma motar ta riga ta tsaya kusa da tamu, kuma maigida ya cika maganarsa. Tun Laraba ina ɗakin baya. Ya ce in ƙura ta lafa zai duba, sai dai watannin nan, da yanzu suka kai biyar, za a sake ƙirga su daga farko. Kada ka gaya wa Maman 'Yanbiyu, ni zan rubuta mata da kaina.

Na auna abin sau da yawa. In aka sake kai ni ƙofar nan, daƙiƙa arba'in ɗin zan sake yi.

Jiya matar ta kira shago. Tana so a canza mata kwaɗo, a sa mai ƙarfi, kuma ta roƙi a turo wani ma'aikacin daban. Aka tura abokin aikina. Ya dawo da rana ya ajiye mini sabon ɗan makullinta a kan teburi, ya ce tana son a ƙara mata uku. Na yanka su, na goge bakinsu sumul yadda ka koya mini, don kada su riƙa maƙale mata in tana ɗauke da yarinya.

A gaida Inna, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Auta