Toka a Goshin Gambo

Galway, ƙasar Ailan
10 ga Maris, 1962

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kun yi Salla lafiya, kai da Inna da Yaya Hussaina da duk mutanen Kudan. Yaya tarin Inna? Ni dai Sallata a ɗaki ta wuce, daga ni sai dafaffen dankali.

Kwas ɗin kiwon shanu yana tafiya. Shanunsu ba tozo, ƙahon ma an yanke, da Fulanin ƙauyen Taba za su gan su sai sun yi musu jaje.

Tsohuwar da nake zaune a gidanta, Iya Biriji, ta riƙe ni kamar ɗanta, duk azumin nan ita ke haɗa mini buɗa-baki. Ran Laraba, jajiberin Salla, ta ce ranar su kuma suke ɗaukar nasu azumin, in raka ta cocinsu na Katolika, don gwiwoyinta sun gaji. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, mutane suka bi ƙafafuna da kallo. Ciki kyandir ko'ina, ga turare kamar ɗakin amarya, limaminsu da suke kira Fada yana karatu da wani harshen da su kansu ba sa ji.

Daga nan ɗanta ya kai mu bakin teku a mota. Yaya, ƙasa ce ta zo ta yanke tsaf, ruwa can ƙasa yana dukan dutse, ba ka ganin ƙarshensa. Ga hoton da ya ɗauke ni a wurin. A nuna wa Inna ta ga autanta ya yi kumatu.

Ƙaninka,
Gambo

Kudan
4 ga Afrilu, 1962

Gambo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, wasiƙarka ta iso. Na karanta wa Inna, na tsallake wurin coci.

Da ta ga hoton sai ta sa yatsa a kan baƙin da ke goshinka, ta ce tabon salla ne, ɗanta ya riƙe ibada har a ƙasar Turawa. Ban taɓa ganin ta da murna irin ta ranar ba. Hoton ya je Likoro wajen dangi ya dawo.

Da tarin ya tsananta na kai ta asibiti a Makarfi. Tana zaune ta kwance bakin zane ta ciro hoton ta nuna wa mai ba da magani, Malam Yohanna, mutumin kudancin Zariya. Mutumin kirki ne, ba da mugunta ya yi ba. Fuskarsa ta washe, ya ce: "Inna, ai wannan gicciyen toka ne da Fada ke sa mana. Ashe ɗanki namu ne."

Ta mayar da hoton bakin zane, muka dawo gida. Yanzu ko kunu sai an yi da gaske take sha, in an ambaci sunanka sai ta rufe ido. Ta ce da ta san haka ne da ta bar ka kana noman dawa.

Ka faɗa mini gaskiya, ko wace iri ce.

Yayanka,
Iliyasu

Galway
21 ga Afrilu, 1962

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Wallahi ban bar addinina ba. Ranar ma da azumi a bakina. Mutane suka tashi suka yi layi, Iya Biriji tana rataye da hannuna, in na sake ta faɗuwa za ta yi. Da muka isa gaba Fada ya shafa mata toka, sannan ya miƙo hannu wajena. Tsoho ne tukuf, ya girmi marigayi Baba. Yaya, a gidanmu wa aka koya wa ya kauce in dattijo ya miƙo hannu zai shafa masa kai? Na sunkuya. Na ɗauka albarka ce irin ta tsofaffi. Da azahar na yi alwala, tokar da ya shafa mini ta fita, ban ƙara tunawa da ita ba.

Na gaya wa Iya Biriji, ta yi ta kuka, ta ce za ta kunna wa Inna kyandir. Na rasa yadda zan ce mata kada ta ƙara mini wani laifin.

Na nemi izinin dawowa, an ce sai kwas ya ƙare a watan Agusta. Jiya na taka zuwa bakin ruwa na zauna. Tekun da na yi muku alfahari da shi, yanzu shi na fi tsana a duniya, don shi ne tsakanina da ɗakin Inna. Ba na iya karatu. Tsoro nake ji, Yaya.

Ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake komai. Ka durƙusa a madadina ka ce ta yafe mini. Ka rubuto mini abin da ta ce, da bakinta.

Ƙaninka,
Gambo

Kudan
12 ga Mayu, 1962

Gambo,

Bayan gaisuwa, sai haƙuri. Allah ya yi wa Inna rasuwa ran Talata da hantsi, an yi jana'iza bayan azahar.

Wasiƙarka ta same ta da rai, amma jiki ya riga ya yi nisa. Na karanta mata duka. Ni na yarda da kai, Hussaina ma ta yarda.

Ka ce in rubuto abin da ta ce, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Sau biyu na roƙa maka gafara. Na farko ba ta motsa ba. Na biyu ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in ba ta ruwa. Ban san ko ta ji ni ba.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Yayanka,
Iliyasu